Babban Yatsana da Komodon Alhaji

Duk wanda ya gaisa da ni sai ya ji babban yatsana na dama a sandare kamar kara. Na gaji da cewa hatsari ne. Mutum ne ya yi mini da guduma, gudumar ma tawa.

Lokacin ina gyaran babura a unguwar Akébé, shekarun da kuɗin mai suka haukata Libreville, kowane ɗan tireda sai ya sayi babur. Cikin masu kawo mini aiki akwai wani Alhaji ɗan Garwa mai kai atamfa garin Ntoum, ƙato, ga saurin hannu. Ya kawo babur ɗinsa, komodon hagu ya tsage, wato kwanson nan na hannun babur mai maɓallin oda da fitila da sigina. Ya ce in sa sabo, ya wuce kasuwa.

Da na kwance na raba kwanson biyu, sai ga 'yar laya cikin jar fata, an cusa ta bayan wayoyi. Ban yi mamaki ba, mutanenmu da yawa nan suke ɓoye ta, kusa da hannu. A inda na tashi kuwa ba a yi wa mutum zancen layarsa, ka gani ka yi kamar ba ka gani ba. Na jona wayoyi, na danna oda ta yi kuka, na mayar da layar cikin sabon komodon daidai inda take a tsohon, na ɗaure. Tsohon kwanson na wurga shi kan tarkace a bakin rumfa. Alhaji ya zo ya ɗauki babur ɗinsa, ni ban faɗa ba, shi bai tambaya ba.

Washegari da hantsi sai ga shi yana tura babur, riga a yage, jini ya bushe a gemu. Daga baya na ji cewa motar gungume ce ta goge su a hanyar Ntoum, ƙaninsa da ya goyo yana asibiti da karyayyar ƙafa. Ko sallama bai yi ba. Ya tsaya kan tarkacen, ya ɗauki tsohon kwanson, ya leƙa ciki, wayam.

Ya ce, "Ina ka jefar da ita?"

Na buɗe baki in ce tana nan, sai ya sauke mini kwanson a baki. Haƙoran gaba suka tafi, harshe ya tsage, jini ya cika mini maƙogwaro. Ina ta nuna masa babur ɗin, magana ta ƙi fita sai kumfa. Shi kuwa ya ɗauka aikina nake yabo. Ya shaƙe ni, ya gwara kaina da ƙarfen rumfa, ya ja ni zuwa teburin aiki.

"Uwata ce ta ɗinka ta, tun ina yaro take jikina. Wannan hannun ne ya zubar da ita, ko?"

Ya danne hannun a kan tebur. Wallahi ba mutuwa na ji tsoro ba, hannun na ji wa, makanike ba shi da gonar da ta wuce yatsunsa. Maƙwabcina mai shago, wani Bakano, ya riƙo masa riga yana cewa, "Alhaji, ka ji tsoron Allah." Ya hankaɗe shi cikin kwata. Guduma ta sauka. Ƙarar ƙashin na fara ji kafin zafin.

Duk da haka bai huce ba. Ya juya kan babur ɗin, ya hau sabon komodon da duka yana zagin wanda ya koya mini aiki. Kwanson ya dare, layar ta faɗo tsakanin ƙafafunsa.

Ya tsuguna ya ɗauke ta, yana jujjuya ta a tafin hannu. Na tofar da jini, sai a lokacin harshe ya yarda. Na ce, "Tana ciki sanda motar ta buge ku." Don ya ji ciwo na faɗa, kuma ya ji.

Dattawanmu sun zauna a kan maganar. Ya zo da goro, ƙaton mutum yana kuka kamar ba shi ba, aka ce in yi haƙuri, ɓacin rai ne. Na ce na ji, amma ban yafe ba, kuma har gobe in na tuna sai raina ya tafasa. Yatsan bai sake riƙe sifana ba. Na sayar da kayan aikina, na koma awon shinkafa a unguwar Nzeng-Ayong. Gudumar ce kawai na riƙe, da hannun hagu nake fasa kanwa da ita.