Ba a Ƙari Sai An Biya Na Jiya

Mantuwa ta fara kama ni, har gilashin idona nake nema yana saman kaina. Amma yammacin da na ce wa yarinya ta biya min karatu, tana kuka a ɗakin ƙarƙashin ƙasa jiniya na kaɗawa a kanta, wannan kam ba zai bar ni ba har in koma ga Mahaliccina.

Ni malamar ilimin magunguna ce a wata kwalejin lafiya a nan Madina. A unguwar Harra ta Gabas muke zaune, a hawa na biyu na wani tsohon bene. 'Yata ta fari a nan ta girma, irin yaran nan da za ka yi musu Hausa su mayar maka da Larabci. Da ta gama sakandare ta kafe sai likitanci, gurbi kuwa ga 'ya'yan baƙi a nan sai mai dogon rabo, don haka muka tura ta Ukraine. Tana shekara ta biyu yaƙi ya ɓarke. Yadda ta fito labari ne mai zaman kansa. Ta dai iso mana da jaka ɗaya a baya, ta rame, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ta zabura.

Makarantarsu ba ta rufe ba, ta koma koyarwa ta intanet. Sai dai malamin da zai ɗauke su ilimin magunguna ya tafi aikin asibitin sojoji, abin da ya rage musu takardu ne da ake turowa kowa ya karanta da kansa. Ga babbar jarrabawar ƙarshen shekara ta uku tana tafe, wadda sai an ci ta ake barin ɗalibi ya shiga asibiti ya fara taɓa marasa lafiya. Na ce wa 'yata wannan ai a gida ya same ki, zauna in koya miki.

"Umma, ba ni kaɗai ba ce," ta ce. "Akwai sahibata."

Ƙawar tata 'yar Ukraine ce, Kirista, ɗakin kwanansu ɗaya a makaranta, a wurinta ma 'yata ta koyi cin miyar kabeji. Ita ba ta gudu ba. Kakarta ce ta rene ta, tsohuwar kuwa ba ta iya tafiya, kuma ta rantse ba za a fitar da ita daga gidanta ba. Yarinyar ta zauna da ita. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ban tsaya dogon tunani ba na ce a sa ta a ciki.

Na shirya abina tsaf kamar yadda nake yi a kwaleji, da hotuna da jadawali masu launi, na buɗe kwamfuta bayan la'asar ina jin kaina. Ina! Da sanyi ya shigo musu, wutar lantarki ta zama baƙuwa. Mu fara darasi fuskar yarinyar ta daskare a allo, baki buɗe, ni kuma ina ta zuba ni kaɗai. Wani lokaci cajin wayar ne take lallaɓawa don kiran likitan kakarta. Mako ya bi mako ba mu gama babi ɗaya ba. Maigidana ya ce, "Malama, kin yi iya yinki, ki koyar da taki ki bar wa Allah sauran." Na ce masa Allah ai bai ce in bar masa abin da ya ba ni ikon yi ba. Ya san halina, ya ɗauki shayinsa ya ba ni wuri.

A lokacin ni ma ɗaliba ce. Da girmana na shiga haddar Alƙur'ani, ranakun da ba ni da aiki da safe ina zuwa halƙar mata a Harami, mu zauna a da'ira gaban malamarmu. Tsarin kowa ya san shi, shi ne wanda aka rene mu da shi a Islamiyya tun a gida: malama ta karanta miki, ki maimaita, ki tafi da shi a ka, gobe ki dawo ki biya. In kin biya daidai a yi miki ƙari. In kin kakare, ko ke matar wane ce, sai ki koma. Wata safiya ina jiran layina ina motsa baki, sai abin ya faɗo min. Wannan karatun ai ba ya bukatar allo, ba ya bukatar wuta. Kunne ne da baki.

Ranar na ajiye kwamfuta. Na ɗauki waya na yi saƙon murya gajere, da Turanci tunda da shi muke magana: sunan magani, aikinsa a jiki, illarsa, da wanda ba a ba shi. Na jera su da kari yadda za su zauna a ka. Na ce wa yarinyar duk sanda wuta ta leƙo ta sauke saƙon, ta saurara ko a duhu ne, ta haddace. Gobe bayan la'asar ɗinmu ta kira ni da murya kawai ta biya. Na koya mata kalmomin biyu da Hausa, biya da ƙari, na kuma gaya mata dokar: ba a ƙari sai an biya na jiya.

Ta yi dariya ta ce an mayar da ita 'yar firamare. 'Yata kuwa cewa ta yi, "Ya Umma, haram alaiki, likitanci ne fa ba Islamiyya ba." Na ce ke ma za ki biya, ki gyara zama. Abin mamaki, karatu ya fara tafiya. Yarinyar tana ɗebo ruwa tana haddar magungunan hawan jini, tana juya kakarta a gado tana na ciwon sukari. Har tsohuwar ta riƙe wasu sunayen, in jikar ta kakare sai in jiyo muryarta daga nesa tana jefo mata, yawanci ba daidai ba.

Sai ranar da nake ba ku labari. Muna kan magungunan da ke tsinka jini. Na dawo daga aiki, na yi la'asar, na zauna a kicin wayar tana kan tebur, 'yata tana yanka albasa. Lokaci ya yi ba kira. Ya wuce ba kira. Na riƙa duba wayar ina yi kamar ba komai. Da kiran ya shigo, abin da na fara ji jiniya ce, doguwa, tana hawa tana sauka.

"Malama," ta ce, muryar kamar ba tata ba, "na kira ne in yi miki godiya. Na daina."

Ashe da safen nan bam ya faɗo a layin bayansu. Tagogin gidansu duk sun zube. Matar da ke da ɗan shago a kwana, wadda take barinta ta yi cajin waya da janaretanta, tana cikin waɗanda aka zaƙulo ba rai. Yarinyar ta ce gobe za ta sanar da makaranta ta janye. "Me zan yi da sunayen magunguna? Wa ya ce zan kai lokacin jarrabawar?"

'Yata ta saki wuƙa ta toshe baki. Ni ma wallahi hawaye ya cika min ido, abin da bakina yake so ya ce shi ne ki huta 'yata, Allah ya isar miki, karatu ba ya gudu. Amma na daɗe ina koyarwa, na san ɗalibin da ya ajiye karatu a rana irin wannan da wuya ya sake ɗauka.

Na ce, "Kina ina yanzu?"

"A ƙasa. Maƙwabta sun taya ni sauko da kaka."

"Akwai inda ya fi nan aminci da za ku iya zuwa?"

"Babu."

"Akwai abin da za ki yi wa wani a wurin, yanzu-yanzu?"

"Babu. Zama kawai muke."

Sai na ce, "To biya min na jiya."

'Yata ta zabura. "Umma! Ba ki da tausayi ne? Khalas, ya isa haka, ki ƙyale ta mana!" Na ɗaga mata hannu. Ta tsaya tana kallona.

Can ɓangaren ba abin da nake ji sai jiniya da kukan wani jariri. Na ce a raina shi ke nan, na yi ɓarna, za ta kashe wayar kuma ba zan ƙara jin ta ba. Ban janye maganar ba dai. Na jira.

Sai na ji ta ja hanci. Ta faɗi sunan magani na farko. Ta faɗi aikinsa, muryar tana karyewa. Da ta zo kan illarsa ta kakare, na ce, "Koma." Ta koma. A na biyu kukan ya ragu. A na uku ta yi kuskure, ta ba mai ciki abin da ba a ba ta, na ce, "A'a, kin kashe min jariri, sake." Wallahi sai da ta yi 'yar dariya cikin kukan. Ta biya su duka har ƙarshe, 'yata tana tsaye hawaye na zuba, kuma ba na albasa ba ne.

Da ta gama sai ta ce da Hausarta mai karkata, "Ƙari?"

Na ce, "Ƙari." Na yi mata a take. Bayan mun ajiye waya na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na yi kukan da na hana kaina.

Ba ta janye ba. Mun ci gaba har sanyi ya wuce, wata rana a samu layi wata rana a rasa, in ta ɓace kwana biyu ta dawo da bashin karatu ta biya shi duka. Ita da 'yata suka zauna jarrabawar, kuma dukansu suka haye. Ranar da sakamako ya fito na ce wa yarinyar ta yafe min abin da na yi mata a wancan yammacin, don har lokacin yana ci na.

Ta ce, "Malama, ranar mutane da yawa sun kira ni. Kowa tambayarsa ɗaya, ina raye? Ke kaɗai kika yi min magana kamar wadda za ta kai gobe."

Kakar ta rasu daga baya, a gadonta, yadda ta so. Yarinyar tana asibiti yanzu tana koyon aiki, kuma ta tara 'yan ajin ƙasa da ita tana yi musu karatu ta saƙon murya. Kwanakin baya ta turo min muryar wani ɗalibinta yana roƙon a wuce babi na gaba, ita kuma tana ce masa da Hausa, a tsakiyar yarensu, "Biya."

Abin da na koya ke nan, kuma da shi nake aiki har yau. Wanda musiba ta rufe, kowa zai kawo masa sannu, kuma yana bukatarta. Amma a samu mutum ɗaya da zai daure ya ba shi aikin gobe, ya ce masa ina jiranka da shi.