Jan Biro a Motar Zurmi

A tashar Kaura Namoda, motar Zurmi tana jiran mutum biyu ta cika. Kusa da Karima wani dattijo ne zaune, kaftaninsa ya koɗe amma ya sha guga, ga garin alli a bakin hannun. Da gani malamin sakandare ne. Takardun ɗalibai na bisa gwiwarsa, yana bin su da jan biro.

Can ya tsaya kan wata, ya daɗe.

"Lafiya, Malam?" in ji Karima.

"Waƙar wata ƙasa mai sanyi na ba su, ɗiyata. Mawaƙin yana kuka don kaka ta zo, ganye na zuba, na tambaye su me ya sa. Ji amsar yarinyar ga: 'Wataƙila gonarsa ce ba ta yi ba. Da a garinmu Katuru yake, da maƙwabta sun kai masa damin gero.'"

"Ta faɗi ke nan?"

"A ƙa'ida, ta faɗi."

Ya dubi sifilin da ya fara zagayawa a takardar. Karima ta raya a ranta, bawan Allahn nan ya taɓa cin damin maƙwabta. A hankali ya soke sifilin, ya rubuta: "Allah ya yi miki albarka. Gobe ki karanta wa aji."