Kunnen Baba Eriya

Mahaifina mai gyaran rediyo ne, kuma duk layin ba wanda ke kiransa da wani suna in ba Baba Eriya ba. Dogo ne siriri, ga wuya, in ya leƙo daga ƙofar shago sai ka ce an zaro shi ne sama don a kamo tasha. Bai taɓa jin haushin sunan ba. Ni ce dai nake faɗa da yara a kai lokacin ina ƙarama, har na gaji na bari.

Shagon ɗan ƙuƙut ne, tsakanin mai ɗinki da mai sayar da fenti. Tebur ɗaya, kujera ɗaya mai ƙafa a ɗaure da waya, gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi, sai warin dalma da ke kama tufafi har gida. Yana da mita ta gwada wuta, amma ƙura ce ke amfani da ita. Da kunne yake aiki. A cikin kowace rediyo akwai wasu 'yan mitsitsin kusoshi da ake juyawa don daidaita kamun tasha, to shi sai ya rage murya can ƙasa, ya kwantar da kai kusa da lasifika, ya riƙa juya su da wani ɗan tsinken roba da ya feƙe da kansa, har sai muryar da ke nesa ta fito fes. Kuma ba ya sallamar rediyo sai ta kamo masa tashar nesa a gajeren zango a gabansa. Tashoshin gari ba su dame shi ba, cewa yake ko cokali ka ɗaura wa waya zai kamo su.

Akwai wata kanta a bayansa da yake kira ɗakin hutu. Wani lokaci a kawo rediyo, ya buɗe ya duba ko'ina bai ga laifin komai ba, amma ta ƙi kamo nesa. Sai ya ɗora ta kan kantar ya ce wa mai ita, "Gajiya ta yi, bar ta ta kwana biyu." In mai ita ya dawo a kunna, sai ga magana tar. Jama'a suka yi ta yaɗawa wai hannun Baba Eriya ko taɓa abu ya yi ya warke. Shi ma, Allah ya sani, ya yarda da hakan.

Da wannan teburin ya ciyar da mu, ya yi mana makaranta, har na zama malamar kimiyya a sakandare. Tun daga lokacin ya daina kirana da komai sai Malama, rabi tsokana rabi alfahari.

Da tsufa ya fara kamawa sai muka lura kunnen ya soma yin nauyi. Mama za ta yi magana daga madafa, shiru. Ta maimaita, ya ce, "Ni kike wa magana?" Yayana, wanda ba ya iya ɓoye abin da ke ransa, ya ce Baba ya rufe shago ya huta, ai yanzu kowa da waya a hannu, wa ke gyaran rediyo in ba tsofaffi ba. Ranar Baba ya yi fushin da ban taɓa gani ba. Ya ce kunnensa lafiya lau, surutunmu ne dai ba ya son ji. Daga ƙarshe ya buga hannu a cinya ya ce, "To ku ji da kyau. Duk ranar da na gyara rediyo na kasa jin tasha a cikinta, da hannuna zan ba ka makullin shagon." Baba kuwa in ya faɗi magana ya faɗa, ba ya lanƙwasa.

Ana haka wani tsohon direba, abokin cinikinsa tun suna samari, ya kawo rediyonsa mai rigar fata, wadda ta yi yawon duniya da shi a gaban mota. Zaren da ke jan allurar tasha ne ya tsinke, aikin da Baba zai yi ido a rufe. Ya ɗaura sabo, ya goge ta, wajen tsakar rana ya kunna don ya gwada. Sai shuuu. Ya zagaya gajeren zango daga farko har ƙarshe, ba murya ko ɗaya. Ya jawo tasa rediyon ta gwaji, wadda ba ta taɓa ba shi kunya ba, ita ma shuuu.

Da wani ne da ya leƙa ya kira mai ɗinki ya ce zo ka saurara min. Ina! Baba Eriya ya nemi aron kunne? A ransa ya ce rediyo biyu ba sa mutuwa lokaci ɗaya, ashe maganar tana nan a ƙarƙashin shuuu ɗin, shi ne ba ya ji. Tsoro ya kama shi, sai ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya ɗauki tsinken robarsa ya shiga juya kusoshin daidaitawa na rediyon direba ɗaya bayan ɗaya, yana farautar tashar da ba ta nan, har ya wargaza saitin da ke daidai tun daga kamfani. Da direba ya zo ɗauka, ko tashar gari sai da ƙyar take fitowa. Mutumin bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Cewa ya yi kawai, "Eriya, ashe tsufa ya cim mana," ya bar rediyon a kan tebur ya tafi.

Da yamma Baba ya dawo gida ya ajiye makulli a tafin yayana. Kwanakin da suka biyo baya a kujerar tsakar gida ya yi su, hannuwa a kan gwiwa. Wallahi ban taɓa sanin hannuwansa manya ne haka ba sai da na gan su ba sa yin komai. Abin ya tsaya min a rai, na ji haushin yayana, na ji haushin direba, har rediyon na ji haushi.

A ɗakin malamai na tsinci bakin zaren. Wani abokin aikina yana duba wayarsa ya ce ashe rana ta yi wata babbar fashewa a makon da ya wuce, har sadarwar gajeren zango ta ɗauke a duk gefen duniyar da ke fuskantarta. Na ce yaushe? Ya faɗi ranar, ya ce da tsakar rana. Kai, ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da nake koyar da wannan abin duk shekara, ina zana shi a allo yara suna hamma, ga shi ya shigo gidanmu ya zauna ban gane shi ba.

Na tarar da Baba a inda na bar shi. Na jawo kujera na ce, "Baba, ba kunnenku ba ne. Rana ce."

Ya ce, "Rana kuma? Malama, an fara ke nan."

Na ce ya bari dai in yi bayani. Na tambaye shi, muryar da ke tasowa daga wata ƙasa mai nisa, ta yaya take iso teburinsa alhali duniya a dunƙule take, ba shimfiɗe ba? Ya ce ta iska mana. Na ce to can sama, sama da inda jiragen sama ke bi nesa ba kusa ba, akwai wata siririyar iska da hasken rana ke caza ta da lantarki. Saƙon gajeren zango yana tashi ya bugi wannan wurin ya dawo ƙasa, kamar yadda yaro ke buga ƙwallo a rufin ɗaki ta faɗo a ɗaya kusurwar. In rufin nan ya samu matsala, ko rediyon zinariya gare ka ba abin da za ka ji.

Ya ɗan gyara zama, na san na kamo shi. Na ce ita rana ba haske kaɗai take aikowa ba. Kullum tana feso wasu ƙananan ƙwayoyi masu lantarki, ba dare ba rana, shi ake kira iskar rana. Ita kuma duniya gabaɗayanta maganaɗisu ce, irin wanda ke bayan lasifika yana kama masa kusoshi, sai dai nata ya miƙa can sararin sama ya kewaye mu, yana karkatar da mafi yawan ƙwayoyin nan su wuce ta gefe. Masana ma suna ganin akwai duniyar da ta rasa irin wannan kariya, iskar rana ta yi ta kwashe mata iskarta a hankali. To wani lokaci rana takan yi fashewa. Hasken fashewar yakan iso cikin 'yan mintuna, ya sa ƙasan wancan rufin ya yi kauri ya riƙa haɗiye saƙo maimakon ya bar shi ya wuce, shi ne shuuu ɗin da ya ji da tsakar rana. Bayan kwana ɗaya ko biyu kuma tarkacen fashewar ya iso ya girgiza maganaɗisun duniya, rufin ya hargitse, tashoshin nesa su yi ta zuwa suna ɓacewa har sai abin ya lafa da kansa.

"Da kansa?" in ji Baba.

Na ce da kansa.

Can sai ya ce, "Ke nan rediyoyin da nake ɗorawa a ɗakin hutu, ba gajiya suka yi ba."

Na ce wasunsu dai, mai yiwuwa.

"Sama ce ke warkewa, ni ina karɓar godiya." Ya yi wata 'yar dariya, ya girgiza kai. "Shekara da shekaru ina aiki da abokin sana'a a bisa kaina, ban taɓa yi masa sannu ba." Na zaci abin zai ƙona masa rai, amma sai na ga fuskarsa ta saki. Ya ɗaga murya ya kira yayana ya ce a miƙo masa makullinsa, alkawarin da ya yi a kan kunne ne, ba a kan rana ba. Yayana ya kawo yana gunaguni, ni kuwa har da yi masa gwalo, da girmana.

Washegari da safe ba ni da aji, na raka shi shagon. Mai ɗinki ya yi masa barka da dawowa, mai fenti ya ce layin ya yi duhu da babu shi. Ya share teburin, ya zauna, ya ce kafin ya taɓa rediyon direba bari ya gwada tasa ya ji ko saman ta huce. Na riga na duba, na san ta huce tun tuni. Ya zaro eriya, ya rage murya can ƙasa yadda ya saba, ya kwantar da kai, ya fara juya allura a hankali.

Sai ga ta. Wata mata tana karanta labarai daga can wata uwa duniya, muryar siririya amma kowace kalma a fili. Na buɗe baki zan yi murna, sai na ga hannunsa bai tsaya ba. Ya wuce ta. Ya je ƙarshen zango ya dawo, matar ta sake fitowa, ya sake wucewa. Na ji da ma ban je ɗakin malamai ba ranar nan, da ma na bar shi da abin da ya riga ya haƙura da shi.

Ya ɗago ya ce, "Malama, ranar taku har yanzu ba ta sauko ba."

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya mayar da allurar baya kaɗan-kaɗan yana kallon fuskata maimakon rediyon, har ya iso wurin. Ban san abin da ya gani ba, amma nan ya tsaya.

"Akwai magana a nan, ko?"

Na ce, "Akwai, Baba."

"Mace ko namiji?"

"Mace ce."

Ya gyaɗa kai. Bai ƙara murya ba, ko da yake da ya ƙara wataƙila da ya ji wani abu. Ya san ba a daidaita rediyo da murya sama. Ya kashe ta, ya jawo ta direba, ya kwance bayanta, ya ɗauki tsinken robarsa. Ya ce, "Matso da kujerarki. Ni na ɓata wa mutumin nan kayansa, ba zan mayar masa a haka ba. Zan riƙa juyawa, in ta fito sosai ki ce min."

Haka muka yi, kusa bayan kusa, shi yana juyawa ni ina cewa saura kaɗan, ya wuce, dawo baya, nan. Kafin azahar rediyon direba tana kamo tashoshin da ni ban ma san da su ba. Ya mayar mata da rigar fatarta, ya goge ta da gefen hannun riga, ya rataya ta a kafaɗa don ya kai masa da kansa.

Da muka fito ya ja ƙofar, ya datse kwaɗon, ya jijjiga shi ya tabbatar ya kama. Sannan ya miƙo min makullin ya ce, "Kai wa yayanki. Ki ce masa wannan karon ba rana ba ce."