Tana Ɗaure, Na Ce Ta Daure

A lokacin ina sabuwar nas a wani ƙaramin asibiti a Tunga, kuma ina ji da Hausata. Da labarun rediyo aka raine mu, mahaifinmu kuwa ba ya barin kuskure ya wuce a bakin 'ya'yansa. Shi ya sa idan marasa lafiya suka zo da Hausar kasuwa, wadda ba ta raba mace da namiji, ba ta raba da da ɗa, nakan gyara maganarsu a zuciyata tun kafin su kai aya. Ƙwarewa na ɗauki hakan.

Wata safiya wani magidanci ya kawo mahaifiyarsa daga Garatu a bayan babur. Tsohuwa ce ramammiya, Hausarta kaɗan, da gyambo a idon sawu. Ɗan ya gaishe ni da ladabi, ya ce ruɗewar tsufa ce ta kama ta, tana shiga gona yawo, kututture ya ji mata ciwo. Ina wanke ciwon na tambaye ta jiki. Ta dube ni ta ce kullum tana daure. Na ɗauka daurewa take nufi, wato haƙuri. Na yaba mata, na ce Mama ta ci gaba da daurewa, Allah zai kawo sauƙi. Ɗan ya yi dariya ya ce ai Mama jaruma ce. A katinta na rubuta ciwon kututture, na sa hannu.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na ga ɗaya ƙafar. Akwai shati a jikinta, zagaye, daidai inda gyambon yake a 'yar'uwarta. Kututture ba ya zagaye ƙafa, na kuma san haka. Amma layi ya yi tsawo, mutumin yana tsaye a kaina, kuma ba na son rigima. Da suka dawo wankin ciwo ta maimaita kalmar, ni ma na maimaita amsata.

Zuwansu na ƙarshe ƙafar ta kumbura har tana wari. Ɗan ya fita karɓo magani, na kwance bandejin, sai ga zaren igiya a cikin naman. Tsohuwar ta haɗa wuyan hannayenta ta ɗaga mini su. Sai a lokacin na ji abin da take faɗa tun farko. Tana ɗaure. Da na sake tambayarta a hankali, na gane da igiya ake ɗaure mata ƙafa a jikin gado idan an tafi gona, ta wuni a haka.

Na sanar da likita, ya ce ba zai sallame ta ba sai jami'ar walwalar jama'a ta zo. Da ta zo, ɗan ya rantse sau ɗaya tak ya ɗaure ta, jiya, don kada ta faɗa rijiya. Ya ce asalin ciwon kututture ne, a tambayi nas. Aka duba katin, rubutuna ya tsaya masa shaida. Na ce ai tun farko na ga shati. Jami'ar ta tambaye ni a natse me ya hana ni rubutawa. Aka ja wa ɗan kunne, aka ba shi mahaifiyarsa. Da hannuna na taimaka aka ɗora ta a babur, ba ta kalle ni ba. Ba su sake dawowa ba, har yau ban san ƙarshenta ba.

Ban ce ɗan nan mugu ba ne. Wataƙila dabara ce ta ƙare masa, da an gane da wuri da an taimake su duka. Ni ce na toshe wannan hanyar, domin magana ta zo mini da ma'ana biyu, na zaɓi wadda ba za ta ba ni aiki ba.

'Yan'uwana ma'aikatan jinya, ku rubuta abin da idonku ya gani, ko da bai dace da labarin mai rakiya ba. Ku rubuta maganar mara lafiya yadda ta fito daga bakinsa, kada ku gyara masa. Idan kun yi shakka, ku nemi mai rakiyar ya ɗan jira a waje, ku sake tambaya.