Turbon Tirela a Jikin Tarakta

Karatuna bai wuce in gane lambar bas a tashar cikin gari ba, amma a shekarunmu na farko a garin Greensboro na Amurka na zama shehin malami a gasar jan nauyi da tarakta, kuma ba wanda ya naɗa ni. Ƙanin matata ne ya ja ni ciki. Bakanike ne tun daga Maraɗi, irin masu kara kunne a jikin inji su faɗa maka ciwonsa. Wani tsohon Bature manomi a Summerfield ya ɗauke shi ya riƙa kula masa da taraktar gasarsa, ya ce in hannunsa ya yi kyau zai bar masa garejin gonar ya riƙa karɓar aikin kansa. Ranar a gidanmu ba a yi wata hira ba sai ta garejin nan.

Gasar ba ta da wuyar ganewa. Ana ɗaura wa tarakta wani amalanken ƙarfe, tana ja nauyin yana matsowa gaba yana danne ƙasa, har ta gaza. Wadda ta fi nisa ita ta ci. Wuyar tana wajen dokar inji. Kowane rukuni da iyakarsa: girman inji, irin man da za a zuba, har faɗin bakin turbo, wato abin da ke ɗura wa inji iska.

To mu a gida, bakaniken da ya dasa kayan babbar mota a jikin ƙarama ta tashi, shi ake yi wa kirari. Alheri kuma ba a shelarsa. Sai ƙanin nawa ya samo turbon tirela a wurin tsofaffin motoci, ya dasa wa taraktar a ɓoye, wai ya faranta wa mai gida.

Ranar gasa, da rana tsaka, wata dattijuwa mai duba inji ta zo da ɗan dunƙulen ƙarfe a igiya. In ya shige bakin turbo, bakin ya wuce doka. Ta tura, ya shige har da sauran wuri. Kunnuwan manomin suka yi jawur. Dattijuwar ba ta kira kowa ɓarawo ba, ta ce dai a canja kafin a kira rukuninsu, ko a koma gida.

Ƙanin nawa ya juyo gare ni: "Yaya, ashe nan ƙarfi ma aunawa ake yi?"

"Aunawa ake yi, kai kuma ka taho musu da mudun Maraɗi."

Allah ya sa ba ya zubar da komai. Tsohon turbon yana but ɗin motarsa, naɗe a buhu. Ya tuɓe riga ya hau aiki. Abin da har yau nake jinjina wa mutanen nan, abokan hamayya ne suka taru a kansa, wannan ya miƙo sifana, wancan ya riƙe bututu, don suna so su kayar da taraktar a fili, ba a wurin awo ba. Ni na riƙe laima, aikin da ba kowa ya iya ba.

Dattijuwar ta dawo, ƙarfen ya ƙi shiga. Taraktar ta ɗaga ƙafafun gaba, ta tiƙa baƙin hayaƙi, ta ƙare a tsakiyar jerin masu gasa, ba ta ɗaya ba, ba ta ƙarshe ba. Muka kama hanyar komawa. Can manomin ya ce garejin yana nan, amma daga yau ko ƙusa ɗaya za a canja wa taraktarsa, a fara nuna masa.