Jirgin Kara da Ruwan Jego

Shekarun baya, tun Turawa ba su naɗe tabarmarsu ba, muna zaune a wani ɗan gida a Ƙofar Ran, ni da maigidana da 'yarmu ta fari. Shi tsohon soja ne, da shi aka je yaƙin Bama. Ya dawo da hannu da ƙafa lafiya lau, amma akwai abin da ya baro can. In aka yi tsawa, sai gumi ya karyo masa. Wani lokaci ya tashi kawai ya miƙi hanya ba sallama, sai an bi sawu a tsinto shi wajen ƙauyen Miri, zaune a gonar mutane. An sha rubutu, an yi hayaƙi, har aka gaji.

Abin da ya zaunar da shi wuri ɗaya, kara ne. Da safe yana ban ruwan fulawa a gidan wani Bature a bariki. In ya yi la'asar, sai ya baje a zaure da 'yar wuƙarsa, yana fere ɓawon karan dawa, yana yanka totuwa, yana haɗawa da ƙaya da ƙaro. Yaran unguwa yakan yi musu jirgin sama su tafi da shi, ba ya barin ko ɗaya a gidan. Nasa na kansa jirgin ruwa ne, irin wanda ya kwashe su zuwa yaƙi. Ya kai tsawon tabarmar salla, hawa kan hawa, da matakala, da 'yan kwale-kwale rataye a gefe. Bututun hayaƙin ma da gwangwanin madara ya yi shi.

Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin bayan ganuwa ba, tambaya ce cike da bakina.

"Malam, wannan ramin fa?"

"Nan muke kwana, a cushe kamar goro a huhu."

"Duk nauyin nan, ba ya nutsewa?"

Sai ya yi dariya. Dariyarsa kuwa tsada gare ta, shi ya sa nake ta tambayar wauta da gangan.

Matan unguwa in mun haɗu a gidan suna sai su ce, "Ga matar mai jirgi! Yaushe za a kai mu Makka?" In yi yaƙe in wuce. Abin da ba su sani ba, tun da ya fara jirgin nan bai sake miƙar hanya ba. Ina daga ciki ina tankaɗe, kunnena na zaure. Muddin ina jin ƙarar wuƙa a jikin kara, na san 'yata na da uba a gida.

Haihuwata ta biyu ta zo a tsakiyar marka. Namiji na samu. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ta zo yi mini wankan jego. Malam ya tara itacen wanka tun cikin yana ƙarami, kamar yadda ake yi, amma ruwan da aka kwana biyu ana tafkawa ya jiƙa shi sharkaf. Zauren ma ya fara yoyo, sai ya ɗauke jirgin ya kai madafa, ya rufa masa tsohuwar tabarma.

Ran nan da safe ina kwance ina jin Gwaggo tana tari, tana tsine wa ɗanyen itace. Can sai na ji shiru, sai ƙarar wuta. Ba a jima ba ta leƙo.

"Taso, 'yar nan, yau Allah ya rufa asiri."

Ta tsoma ganyen runhu a tafasasshen ruwa ta yi ta fyaɗa mini har na daina jin bayana. Da na fito zan koma ɗaki, idona ya faɗa kan murhu. Ga gwangwanin madara can cikin toka, ya yi baƙi ƙirin.

"Gwaggo, da me kika hura wutar?"

"Tarkacen karan nan na mijinki. A bushe yake ƙayau, ashana ɗaya ya kama."

"Gwaggo, jirgin ne fa!"

"To, jirgin ne zai fitar miki da sanyi? Ke da ɗanyen jiki? A gabana aka tsallake wa wata wanka, ta kumbura, ta tafi ta bar jariri. Kara kuwa, kaka na tafe. Ƙato da gemu yana wasan yara!"

Nonon da na ba yaron ranar, da hawaye ya sha shi.

Da Malam ya dawo, na ji ya nufi madafa. Ya daɗe a can. Na riga na shirya wa ihu, ko fashe-fashen tukwane. Sai kawai ya zo bakin ƙofa, bai ɗaga labule ba.

"Ruwan ya yi zafi yadda ake so?"

"Ya yi, Malam."

"To, madalla. Ya yi amfani." Ya juya ya ce, "Sannu da aiki, Gwaggo."

Da kaka ta yi, na roƙi mahaifina ya sa aka kawo dami guda na kara mai kyau. Na jingine a zaure, na wasa wuƙar da kaina na ajiye a kai. Ya zauna, ya ɗauki kara ɗaya ya jujjuya, ya mayar.

"Na manta inda matakalar take," in ji shi. "Da, ina haɗawa ina tunawa. Yanzu in na rufe ido, ruwan kawai nake gani."

Daga nan tafiye-tafiyen suka dawo. A tsinto shi, ya kwana biyu, ya sake fita. A daminar shekarar da aka sami mulkin kai, aka yi wata tsawa da azahar, ya fita ko hula babu. An duba Miri, an duba gaba da Miri. Wani ya ce ya gan shi cikin leburorin hanyar jirgin ƙasa, wani ya ce a kasuwar Jos. Ranar da gari ya ɗauki kiɗa ana murnar 'yanci, ni ina soro da goyo, ina leƙen duk mai dogon wuya irin nasa da ya shigo lungu.

Ban riƙe Gwaggo a zuciya ba. Raina ta zo ceto, kuma da abin da ta sani ta yi aiki. Har ta koma ga Allah, in na je gaishe ta sai ta ce, "Ko an ji ɗuriyar ɗan nan?" Mutane kuwa cewa suka yi dama jirgin alamar taɓuwa ce. Ni da na zauna da shi na san ba ciwon ba ne, maganin ne. Shi ya sa in na ga babba ya duƙufa kan abin da ake wa kallon shirme, ba na dariya. Ban san me yake riƙe da shi ba.

Bayan shekaru alƙali ya raba auren, ya ce in yi idda. Na yi. Amma har yau ban sani ba, ko takaba ce ta kamace ni.