Inda muka tsaya ni da Inna

Mu kaɗai ne Kiristoci a ƙauyenmu kusa da garin Managil, ni da innata makauniya. Ran sabuwar shekara na yi mata alkawari gaban Allah, kullum zan karanta mata Bishara. Kafin a gama tsinkar auduga na watsar.

Tsakiyar shekara, dab da sakin ruwa, maƙwabta suka fito yashe hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu. Na tsaya ina mita, ai bara ma mun yashe. Limaminsu ya miƙo mini fartanya ya ce, "Ɗana, kowace shekara ake sakewa."

Na koma gida da laka har gwiwa, na kaɗe wa littafin ƙura, kunya ta ishe ni. Na ce, "Inna, na manta inda muka tsaya."

Ta ce, "A labarin ɗan nan da ya ɓata muka tsaya, yana hanya, bai iso gida ba tukuna."

Ranar muka karanta har muka kai shi gida, daga nan ban ƙara tsallake rana ba. Har yau ina gode wa Ubangiji da ta jira ni.